Tarihi da Fim: Rayuwar Sor Juana Inés de la Cruz da Darasinta ga Masu Nazarin Nana Asma'u

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihin wata malama 'yar ɗariƙar Katolika, Sor Juana Inés de la Cruz, wadda ta rayu a ƙasar Meziko a ƙarni na 17, sannan ta auna wannan tarihi da yadda aka nuna shi a fim ɗin da María Luisa Bemberg ta Ajantina ta shirya a 1990. Sunan fim ɗin da Sifaniyanci shi ne Yo, la peor de todas, wato "Ni Ce Mafi Muni Cikinsu Duka". Dalilai biyu suka sa aka kawo wannan batu gaban masu nazarin harsunan Nijeriya. Na farko, malamar ta yi rubutu da harsuna fiye da ɗaya, har da irin Sifaniyancin da bayin da aka kwaso daga Afirka suke yi. Na biyu, hujjojin da ta kawo don kare ilimin mata sun yi kusa ƙwarai da abin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta aiwatar a Sakkwato bayan kimanin shekara ɗari da hamsin. Za a fara da matsalar kalma, a kawo tarihin, a duba fim ɗin, sannan a waiwayi Sakkwato.

2.0 Matsalar Kalma

Kalmar Sor a Sifaniyanci laƙabi ne na macen da ta yi wa'adin zama ba aure, ba dukiyar kanta, tare da biyayya ga shugabannin coci. A bakin Hausawa, musamman a ƙasar Jos inda Hausa take harshen wa'azi a majami'u da yawa, "Sista" ake cewa. Sai dai kalmar tana da fuska biyu. A asibitin mishan na Vom, wanda 'yan SUM suka kafa, idan an ce "Sista" babbar ma'aikaciyar jinya ake nufi, tana iya kasancewa matar aure mai 'ya'ya. A Zawan kuwa, kusa da Vom, inda matan ƙungiyar OLA ta Katolika suka kafa asibiti, Sista tana iya haɗa ma'anonin biyu. Saboda haka wasu sukan ce "Rabaran Sista" don a bambanta. Gidajen rediyo sukan ce "mata masu zaman zuhudu", amma zuhudu a wurin malaman Hausa gudun duniya ne, kuma bai hana aure ba. Asma'u kanta ta yi waƙoƙin zuhudu tana ɗakin mijinta.

Akwai wani bambanci kuma. Sistocin da mutanen Filato suka sani tun bayan da limaman SMA suka sauka Shendam a 1907, masu fita ne su koyar a makaranta ko su yi jinya. Ita kuwa Sor Juana tana cikin masu kulle, waɗanda idan sun shiga gidan ba su sake fita har mutuwa, baƙi ma sai ta bayan shingen ƙarfe suke gana da su. A wannan maƙala za a riƙa cewa "gidan sistoci" da wannan ma'ana ta kulle.

3.0 Tasowarta

An haifi Juana a ƙauyen San Miguel Nepantla, a ƙasar da a lokacin ake kira Sabuwar Sifaniya. Fada Diego Calleja, wanda ya fara rubuta tarihinta, ya ce a 1651 aka haife ta, amma wata takardar baftisma da aka gano daga baya ta sa manazarta da yawa suka karkata ga 1648. Iyayenta ba su yi aure ba, sai ta taso a gonar kakanta na wajen uwa a Panoayan, inda ta tarar da littattafansa. Ita da kanta ta ba da labarin cewa tana da shekara uku ta bi yayarta makaranta ta koyi karatu, kuma da ta ji akwai jami'a a birnin Meziko sai ta roƙi uwarta ta sa mata kayan maza ta tura ta. Ta koyi Latin cikin darasi kamar ashirin, tana yanke gashinta ta ɗora wa kanta wa'adi, idan gashin ya tsiro ba ta ƙware a abin da ta sa gaba ba sai ta sake yankewa.

Wajen 1664 ta shiga fadar Wakilin Sarkin Sifaniya, Marqués de Mancera, tana hidimar matarsa Leonor Carreto. Calleja ya ruwaito cewa Wakilin ya tara masana kimanin 40 suka yi mata tambayoyi a fannoni dabam-dabam, ta amsa musu duka. Amma yarinyar da ba ta da uba tsayayye, ba ta da dukiyar da za a kai ta ɗakin miji da ita, kuma ba ta son aure, hanyarta ɗaya ce a wancan zamani. A 1667 ta shiga gidan sistocin Karmel, ta fita bayan wata uku. A 1669 ta yi wa'adi a gidan San Jerónimo, inda ta zauna shekara 26. Dokar wannan gida tana da sassauci. Ta samu ɗaki mai faɗi, ta tara littattafai da kayan kiɗa da na binciken kimiyya, ta riƙe ma'ajin gidan shekaru da dama, masana kuma suna zuwa zauren baƙi su tattauna da ita.

A 1680 aka ba ta aikin tsara ƙofar maraba ga sabon Wakili, Marqués de la Laguna. Matarsa María Luisa, wadda ake kira Condesa de Paredes, ta zama babbar majiɓinciyarta. Da wannan gata ne Juana ta iya rubuta wa limamin da yake karɓar iƙirarin zunubanta, Fada Antonio Núñez de Miranda, wasiƙa mai zafi ta sallame shi, don yana sukar waƙoƙinta a bainar jama'a. Sai a 1980 aka gano kwafin wannan wasiƙa a Monterrey. María Luisa ce kuma ta tafi da rubuce-rubucenta Sifaniya, aka buga kundi na farko a Madrid a 1689, na biyu a Ishbiliya a 1692, wanda a cikinsa ne doguwar waƙarta ta falsafa, Primero sueño, mai layi 975 take.

4.0 Rikicin 1690 zuwa 1695

Wa'adin mulkin Marqués de la Laguna ya ƙare a 1686, ya bar ƙasar da matarsa a 1688, Juana ta rasa inuwar da take fakewa. Babban Bishop na Meziko a lokacin, Francisco de Aguiar y Seijas, mutum ne mai yawan sadaka da tsananin ƙin wasan kwaikwayo, wanda marubucin tarihinsa ma ya shaida cewa yana gudun haɗuwa da mata. Ga shi kuwa Juana tana rubuta wasannin kwaikwayo da waƙoƙin soyayya.

A ƙarshen 1690 Bishop na Puebla, Manuel Fernández de Santa Cruz, ya buga wani sharhi da Juana ta rubuta a kan wa'azin shahararren limamin Fotugal, António Vieira. Vieira ya saɓa wa manyan magabata uku, Augustine da Thomas Aquinas da John Chrysostom, a kan wace ce mafi girman alamar ƙaunar Almasihu ga mutane. Juana ta kare magabatan, ta warware hujjojin Vieira ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kawo nata ra'ayin cewa wani lokaci babbar kyautar Ubangiji ita ce ya hana bawa wata ni'ima da ya san za ta zame masa fitina. Bishop ɗin ya sa wa sharhin suna Carta atenagórica, ya haɗa shi da wata wasiƙa da ya sa wa hannu da sunan mace, Sor Filotea, inda ya yabi basirarta, ya kuma gargaɗe ta da ta rage karatun duniya ta koma ga na addini. Da haka mace mai kulle ta bayyana a fili tana gyara wa limami a fagen tauhidi, masu suka kuma suka taso mata.

Ranar 1 ga Maris 1691 ta kammala amsarta, Respuesta a Sor Filotea. Hujjojinta guda huɗu ne. Na ɗaya, son ilimi halitta ce da Allah ya sa mata. Ta ce an taɓa hana ta littafi na wata uku, sai ta koma nazarin yadda ƙwai yake sauyawa a kan wuta da yadda katantanwar yara take juyawa. Na biyu, ba a fahimtar Littafi Mai Tsarki sai da manɗiƙi da balaga da lissafi da tarihi da shari'a da ilimin kiɗa. Na uku, ta jero mata masu ilimi tun daga Debora da Sarauniyar Saba har zuwa Hypatia da Paula. Na huɗu, ta fassara umurnin Bulus na mata su yi shiru a majami'a da cewa wa'azi a kan mumbari ya hana, bai hana karatu da koyarwa a gida ba. Ta kuma ba da shawarar a sami dattawan mata masu ilimi su riƙa koyar da 'yan mata, don iyaye su daina zaɓi tsakanin barin 'ya'yansu cikin jahilci da miƙa su ga malamai maza. A shekarar nan kuma ta tsara waƙoƙin coci na bikin Katarina ta Iskandariyya, waliyyiyar da aka ce ta rinjayi masana a muhawara, aka rera su a Oaxaca.

Daga nan al'amura suka dagule a ƙasar. Ruwa ya yi ɓarna a 1691, cuta ta kama alkama, rana ta yi husufi, abinci ya yi tsada, har ranar 8 ga Yuni 1692 talakawa suka cinna wa fadar Wakili wuta. Mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin fushin Ubangiji, masu tsanantawa suka sami ƙarfi. Juana ta koma hannun Fada Núñez, a 1694 ta sa hannu a takardun tuba da sabunta wa'adi, ɗaya da jininta. Aka sayar da littattafanta, waɗanda Calleja ya ce sun kai 4,000, aka ba matalauta kuɗin. Ta rasu ranar 17 ga Afrilu 1695, bayan ta kamu da annoba wajen jinyar 'yan'uwanta. A 1700 aka buga kundinta na uku a Madrid, a cikinsa ne amsar tata ta fara fitowa.

5.0 Fim da Hujjojin Tarihi

Bemberg ta ɗauko labarinta daga littafin Octavio Paz na 1982, Sor Juana Inés de la Cruz o las trampas de la fe, ta rubuta shi tare da Antonio Larreta. Assumpta Serna ce ta fito a matsayin Juana, Dominique Sanda matar Wakili, Héctor Alterio Wakili, Lautaro Murúa kuma Babban Bishop. A cikin ɗakin ɗaukar fim aka yi aikin duka, saboda haka mai kallo ba ya ganin kasuwa ko titin Meziko, sai bango da inuwa da shingen ƙarfe, abin da yake sa shi ya ji kullen a jikinsa. Fim ɗin ya buɗe da zaman Wakili da Babban Bishop cikin duhu, alamar cewa Juana abar ja-in-ja ce tsakanin fada da coci.

Paz da Bemberg kowa da abin da ya kawo shi. Paz ya kwatanta tubar Juana da iƙirarin dole da aka riƙa sa masana yi a Rasha zamanin Stalin. Bemberg kuwa tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Ajantina a 1970, ta kuma ga mulkin soja na 1976 zuwa 1983. Saboda haka Juana ta fim gwarzuwa ce da limamai suka ƙulla wa makirci suka murƙushe. Akwai wurare huɗu da ya kamata a auna wannan hoto.

Na farko, kotun binciken aƙida ta coci ba ta taɓa gurfanar da Juana ba, ko da yake ita da kanta ta nuna tana gudun shiga hannunta. Matsin da ta sha na shugabanninta ne da na masu suka. Na biyu, fim ya nuna Bishop na Puebla a matsayin wanda ya yi amfani da ita don ya muzanta Babban Bishop, sannan ya yashe ta. Wannan hasashen Paz ne da wasu manazarta. Wasiƙun Bishop ɗin da Alejandro Soriano ya buga a 2010 sun nuna ya ci gaba da rubuta mata cikin girmamawa bayan amsarta, yana ƙarfafa ta ga karatun addini. Na uku, fim ya ƙare da Juana a ɗaki fayau ba takarda ko ɗaya, alhali jerin kayan ɗakinta da aka fito da shi a 1995 ya nuna ta rasu da littattafai 180 da ƙunshin rubuce-rubuce 15. Na huɗu, fim ya ɗauki waƙoƙin da ta yi wa María Luisa a matsayin shaidar soyayya ta zahiri. Manazarta sun saɓa a kan wannan, amma duk wanda ya san waƙar fada ta Hausa, inda mawaƙi yake kiran kansa bawan ubangidansa, ko waƙar bege inda ake kukan rabuwa da masoyi, ya san cewa salon yabo yana da ƙa'idarsa, kuma ba a karanta shi kamar wasiƙar sirri.

Duk da haka waɗannan hujjoji ba su wanke shugabannin coci ba. Marubuciyar da ta fi kowa shahara a ƙasarta ta daina fitar da aiki cikin shekara uku da buga sharhinta, ta rabu da mafi yawan littattafanta, ta koma hannun limamin da ta sallama. Abin da takardun suka nuna shi ne an ƙuntata ta, amma ba a raba ta da alƙalami gaba ɗaya ba. Fim ya faɗi gaskiya game da matsin, ya ƙara gishiri game da ƙarshen.

Babban giɓin da manazarcin harshe zai gani shi ne na muryoyi. Juana ta tsara waƙoƙin coci masu yawa don talakawa, a cikinsu ta sa baitoci da harshen Nahuatl na 'yan asalin ƙasar, kamar a na 1676, da kuma Sifaniyancin bayi, inda ake musanya /r/ da /l/ ana kuma yar da /s/ ta ƙarshen kalma. A waƙoƙin 1677 na bikin Pedro Nolasco, wanda ƙungiyarsa take fansar kamammu, ta sa wani bawa baƙar fata yana ƙorafin cewa farare kaɗai ake fansa, shi an bar shi a masaƙa. Masu nazarin Sifaniyancin 'yan Afirka, irin su John Lipski, sun yi amfani da waɗannan baitoci, tare da lura cewa kwaikwayo ne na adabi mai tsohon salo. Juana kanta ta shiga gidan sistoci da baiwa da uwarta ta ba ta, daga baya ta sayar wa 'yar'uwarta. Fim bai ba wannan ɓangare muhimmanci ba, don zai rage hasken gwarzuwarsa.

6.0 Waiwaye ga Sakkwato

Gardamar ilimin mata ta taso a ƙasar Hausa tun kafin jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya kawo a Tazyin al-Waraƙat cewa wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu Usmanu a kan halartar mata wurin wa'azinsa, Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe, cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A Nurul Albab kuma Shehu ya zargi malaman da suke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin salla ba. Hujjar da Juana ta kare ita kaɗai daga ƙasa, a nan shugaban jama'a ne ya kare ta daga sama.

A wannan inuwa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta taso. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kamar yadda Juana ta jero mata masu ilimi, ita ma ta tsara Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa na zamaninta. Sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin Jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma ta jagoranci matan ƙauyuka zuwa karatu, ta koma ta koyar da su waƙoƙin. Wannan shi ne ainihin abin da Juana ta roƙa a 1691 ba ta samu ba.

Bambancin sakamakon ba daga basira yake ba. Gatan Juana na baƙi ne, waɗanda wa'adinsu yake ƙarewa su koma Sifaniya, masu iko da ita na dindindin kuwa su ne masu sukarta. Gatan Asma'u ubanta ne Shehu, da ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo. Haka kuma harsunan talakawa a wurin Juana ado ne na waƙar biki, manyan ayyukanta da Sifaniyancin masana take yi, ga masu karatu a Madrid. Asma'u kuwa ta mai da Hausa da Fulatanci kayan koyarwa, saboda haka iliminta ya zauna a bakin mata, inda ba a iya kwashe shi a sayar. Sai dai ya kamata a lura cewa Asma'u ta yi aikinta ne cikin abin da hukuma take so, ba ta taɓa fitowa ta ƙaryata babban malami a rubuce kamar yadda Juana ta yi wa Vieira ba. Kwatancin yana da iyaka a nan.

7.0 Kammalawa

An ga cewa fim ɗin Bemberg ya yaɗa sunan Sor Juana a duniya, ya kuma dasa wa masu kallo hoton ƙarshenta da takardun 1995 da 2010 suka tilasta a gyara. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Fim na tarihi da Hausa ya daɗe, tun Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, wanda aka ɗauka ya ɓace sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos, aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018. Ayyukan Jean Boyd na 1989 da nata tare da Beverly Mack na 1997 sun buɗe rayuwar Asma'u ga masu shirya fim na gida da na waje. Duk wanda ya ɗauki labarinta zai so ya samar mata abokin gaba da ƙarshe mai ban tausayi, ko ya mai da ita mai ra'ayin zamaninsa, zai kuma fuskanci tambayar harshen da za ta yi magana da shi: Fulatancin gida, ko Larabcin wasiƙa, ko Hausar Sakkwato ta 'Yan Taru. Nauyin da yake kan masu nazarin harsunan Nijeriya shi ne su riga shi, su tace matanin waƙoƙinta daga ajami, su tantance shekarunsu da masu fassara su, su kuma rubuta abin da jikokin 'Yan Taru suke riƙe da shi a ka, domin ranar da fim ɗin ya fito a sami ma'aunin da za a auna shi da shi.